Radiohead daga 1993 zuwa 2016: wane kundi ya fi wane?

Da wuya masoya kiɗan rok su zauna a ambaci Radiohead ba a yi gardama ba. Ƙungiyar ta fitar da kundin waƙoƙi tara cikin shekara 23, kuma kowane kundi yana da mutanensa da za su rantse maka cewa shi ne gwani. Ga tambayoyin da mai son shiga wannan gardama zai so ya ji amsarsu tukuna.

Su wane ne Radiohead?

Turawan Ingila ne su biyar da suka haɗu suna ɗalibai a makarantar maza ta Abingdon, kusa da birnin Oxford, suka kafa ƙungiya a 1985. Thom Yorke ne mai rera waƙa kuma shi ke rubuta baitoci, yana kuma kaɗa jita. Jonny Greenwood da Ed O'Brien suna kaɗa jita, Colin Greenwood, yayan Jonny, yana riƙe da jitar bas, Philip Selway kuma yana kan ganguna. Da farko sunansu On a Friday, sai da suka sa hannu da kamfanin EMI a 1991 suka koma Radiohead. Har yau su biyar ɗin nan ne, ba a kori kowa ba, ba wanda ya yi fushi ya fita. Wannan yana da muhimmanci ga mai kwatanta kundayensu, domin duk bambancin da za ka ji tsakanin na 1993 da na 2000 ba sauyin mutane ya kawo shi ba. Mutanen ne suka sauya ra'ayi.

Akwai wasu biyu da ba a ganinsu a dandali amma hannunsu yana ko'ina: Nigel Godrich, furodusan duk kundayensu tun daga 1997, da Stanley Donwood, mai zana musu bangon faifai tun 1994.

Reshen rok da ake saka su a ciki, wato altanatif, ya taso ne a shekarun 1980 daga ƙananan kamfanoni da gidajen rediyon jami'o'i, nesa da manyan tashoshi. Bayan Nirvana ta yi tashe a 1991 sai kamfanoni suka bazama neman masu irin wannan kiɗa. A wannan kasuwa Radiohead ta shigo.

Me ya sa kusan kowa yake ajiye Pablo Honey a ƙarshen layi?

Saboda a nan ya dace. Wannan kundi nasu na farko, na 1993, aikin samari ne da suka sha sauraren Pixies da R.E.M. da U2, ba su kai ga gano muryarsu ba. Waƙa ɗaya ce ta ɗauke shi, “Creep”. Da ta fara fita a 1992 ba ta yi kasuwa a Ingila ba, sai da gidajen rediyo a Isra'ila da San Francisco suka riƙa sa ta, sannan aka sake fitar da ita a gida a 1993 ta hau ta bakwai a jadawalin ciniki. Daga baya ma sai da aka saka sunayen Albert Hammond da Mike Hazlewood cikin marubutanta, saboda kamar da ta yi da wata tsohuwar waƙarsu.

Amfanin Pablo Honey a tarihin ƙungiyar shi ne tsoron da ya dasa musu. Sun ga jama'a suna zuwa wasansu don waƙa ɗaya, da an gama ta su kama gabansu. Suka tsani waƙar, suka yi shekaru ba sa kaɗa ta. Tun daga nan suka ɗauki wata ɗabi'a da ke bayyana sauran tafiyarsu: duk abin da ya karɓe su a kundin baya, shi za su guje wa a na gaba.

To The Bends fa? Wasu suna cewa shi ne ainihin farkonsu.

Suna da hujja. A The Bends na 1995, wanda John Leckie ya yi furodusansa, aka fara jin amfanin jita uku a ƙungiya ɗaya. A kundin farko dukkansu abu ɗaya suke kaɗawa da ƙarfi. A nan kuwa an raba aiki: Yorke yana riƙe da gindin waƙa, Jonny yana yanka ta da sauti mai kaifi, O'Brien yana shimfiɗa amo a baya. Ka saurari “Just” ka ji yadda jitar Jonny take hawa kamar ba za ta tsaya ba, sannan ka juya ga “Fake Plastic Trees” inda muryar Yorke ta sirance har kana tsoron kada ta tsinke. “Street Spirit (Fade Out)” ta hau ta biyar a Ingila, ta tabbatar da cewa ba 'yan waƙa ɗaya ba ne.

Idan abin da kake nema waƙa ce mai baiti da amshi, wadda za ka iya bi da baki, babu kundinsu da ya kai wannan. Shi ne kuma aka fi kwaikwaya. Ƙungiyoyin Ingila da suka biyo baya da siririyar murya da jita mai taushi, irin su Coldplay da Travis a farkon tashensu, ana yawan danganta su da wannan kundi. Rauninsa ɗaya: har yanzu cikin gidan da wasu suka gina suke zaune, ko da yake sun fi masu gidan iya shara.

Me OK Computer ya zo da shi da har ake kiransa ɗaya daga cikin manyan kundaye a tarihin rok?

Sai an tuna lokacin da ya fito. A watan Mayun 1997 Tony Blair ya ci zaɓe, Ingila tana cikin murna, Oasis da Blur da sauran 'yan Britpop, salon rok ɗin da ke tashe a Ingila a lokacin, suna cika rediyo da waƙoƙin alfahari da gida. Ana cikin haka sai ga kundi da ke magana a kan hatsarin mota da faɗuwar jirgi, cunkoson hanya, aikin ofis mai kashe zuciya, 'yan siyasa masu daɗin baki, da mutum da ke jin kansa baƙo a tsakiyar na'urori. A lokacin intanet bai shiga yawancin gidaje ba, wayar hannu ma ta masu hali ce. Shi ya sa mutane suke cewa kundin ya hango abin da ke tafe. Ni dai ina ganin ba duba suka yi ba. Gajiyar yawon wasa ce, daga filin jirgi zuwa otal zuwa mota, Yorke ya rubuta, sai rayuwar kowa ta zo ta yi kama da tasa.

Ta fuskar kiɗa, sun bar situdiyo sun tare a St Catherine's Court, wani tsohon katafaren gida kusa da Bath, mallakar 'yar fim Jane Seymour, suna ɗaukar sauti a zaure da matakala don su sami amon ginin. “Paranoid Android” ta haura minti shida, sassa-sassa ce da aka ɗinke, ba ta da amshi, amma ta hau ta uku a Ingila. “Fitter Happier” kuwa muryar kwamfutar Macintosh ce take karanto jerin shawarwarin zaman duniya babu rai a ciki. Kamfanin Capitol da ke sayar da kayansu a Amurka da ya ji kundin sai ya rage hasashen ciniki. Kundin ya hau na ɗaya a Ingila, ya ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, a 1998, daga baya kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi cikin faya-fayen da ake adanawa don tarihi. A 2025 ma, bayan shekara 28, “Let Down” ta shiga jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard Hot 100 saboda matasa sun ɗauke ta a TikTok.

Abin da ya fifita shi a kan The Bends shi ne cewa tafiya ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe. The Bends tarin waƙoƙi ne masu kyau. OK Computer kuwa idan ka cire waƙa ɗaya sai ka ji giɓi, har da “Electioneering” da mutane da yawa suke ganin ita ce mafi rauni.

Idan sun kai wannan matsayi, me ya sa suka ajiye jita a Kid A?

Yawon wasan OK Computer ya kusa karya Yorke. Fim ɗin Meeting People Is Easy na 1998 ya nuna halin da suke ciki: tambayoyin 'yan jarida iri ɗaya a kowane gari, fuskoki a gajiye. Ya dawo gida ya kasa rubuta waƙa, kuma jin masu kwaikwayonsa a rediyo ya sa ya ƙi muryarsa. Sai ya koma sauraren kiɗan na'ura na kamfanin Warp, irin na Aphex Twin da Autechre, inda babu mawaƙi balle labarin zuciyarsa.

Ba duk 'yan ƙungiyar ne suka so haka ba. O'Brien ya so a yi gajerun waƙoƙin jita masu daɗin bi. Aka yi ta fama a Paris da Kopenhagen da Gloucestershire da Oxford fiye da shekara guda. Abu mafi wuya shi ne kowa ya yarda cewa za a yi waƙa babu hannunsa a ciki, mai ganga ya zauna yana kallo na'ura tana kiɗa. Ƙungiyoyi da yawa a nan suke watsewa.

Abin da ya fito a watan Oktoban 2000 ya buɗe da “Everything in Its Right Place”, babu jita ko ɗaya, muryar Yorke an yayyanka ta ana jujjuyawa. A “The National Anthem” masu busa ƙahonin jaz ne suke rikici da juna, salon da aka ɗauko daga Charles Mingus. “Idioteque” an gina ta a kan guntun sautin kwamfuta da Paul Lansky ya haɗa a shekarun 1970. Jonny ya koyi kaɗa ondes Martenot, wata na'urar kiɗa ta lantarki da aka ƙera a Faransa a 1928, mai kuka kamar muryar mace daga nesa. Wasu baitocin ma Yorke yanka su ya yi a takarda, ya zuba a hula, yana zarowa. Ba su fitar da waƙa tilo don rediyo ba, ba su yi bidiyon waƙa irin na al'ada ba, kuma kundin ya riga ya yaɗu a Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, kafin ranar fitarsa. Duk da haka ya shiga a na ɗaya a Amurka da Ingila, karo na farko da suka hau na ɗaya a jadawalin Amurka.

Masu sharhi sun rabu biyu. Mujallar Melody Maker ta yi masa kaca-kaca, shafin Pitchfork ya ba shi maki 10 cikin 10. Da shekaru goman suka ƙare, mujallar Rolling Stone da Pitchfork da jaridar The Times duk suka zaɓe shi kundin da ya fi kowane a tsakanin 2000 da 2009.

Tsakanin OK Computer da Kid A, wanne ya fi?

A jerin kundaye 500 da Rolling Stone ta sabunta a 2020, Kid A ne na 20, OK Computer na 42. Jeri dai ra'ayin masu zaɓe ne. Idan ana maganar waƙa ɗaya-ɗaya, OK Computer ya fi, kusan kowace za ta iya tsayawa da ƙafarta. Idan ana maganar abin da kundi ya sauya, Kid A ya fi, domin shi ya nuna wa manyan ƙungiyoyin rok cewa za a iya juya wa kasuwa baya a kuma tsira.

Sai dai akwai zuzutawa a labarinsa. Radiohead ba su ƙirƙiro wannan kiɗa ba. Masu kiɗan na'ura sun yi shekaru suna yin abin da ya fi shi tsauri, 'yan Jamus irin su Can kuma sun riga kowa tun shekarun 1970. Gwanintarsu ita ce sun ɗauko waɗannan kayan sun sa musu zuciya. Kuma jitar ba ta tafi ko'ina ba: “Optimistic” waƙar jita ce sak, “How to Disappear Completely” kuma da jita da gogen Turawa aka yi ta, kuma ita ce Yorke ya taɓa nunawa a matsayin wadda yake so a tuna shi da ita.

Amnesiac ragowar Kid A ne kawai?

A zama ɗaya aka ɗauke su, aka fitar da shi wata takwas bayan Kid A, a 2001. Masu raina shi suna ɗaukarsa ƙanzon tukunya, amma kowa ya san akwai wanda ƙanzon ya fi masa tuwon daɗi. Bai da tsarin Kid A, yana tsalle daga nan zuwa can. A cikinsa kuwa akwai “Pyramid Song”, mai fiyano da ke tafiya kamar yana ɗingishi har sai ganga ta shigo ka gane lissafin, da “Life in a Glasshouse” da suka yi da tsohon mai busa ƙahon jaz Humphrey Lyttelton. A 2021 aka haɗa su biyun aka sake fitarwa da sunan Kid A Mnesia.

Hail to the Thief fa?

Shi ne kundin fushi. An ɗauki yawancinsa cikin mako biyu a Los Angeles, ya fito a 2003, shekarar da Amurka da Birtaniya suka mamaye Iraƙi. Sunansa ma daga taken masu zanga-zangar adawa da George W. Bush ne bayan zaɓen 2000 mai cike da taƙaddama. Sun yi ƙoƙarin haɗa jita da na'ura a wuri ɗaya, kuma a “There There” da “2 + 2 = 5” abin ya yi. Matsalarsa tsawo: waƙa 14, kusan awa guda, mafi tsawo a kundayensu. Su da kansu sun amsa daga baya cewa ya so a rage. Da shi kwantiraginsu da EMI ya ƙare.

An fi tuna In Rainbows da yadda aka sayar da shi. Kiɗan ya kai labarin?

Ya wuce shi, kuma abin takaici ne yadda labarin kuɗin ya rufe kiɗan. A farkon Oktoban 2007, ba su da kamfani, suka ba da sanarwar kwana goma, ranar 10 ga wata suka saka kundin a shafinsu suka ce kowa ya biya abin da ya ga dama, ko da sifiri ne. Da yawa sun ɗauka kyauta. Wasu mawaƙa suka yi ƙorafin cewa mai kuɗi ne kaɗai zai iya wannan kasada, ƙananan mawaƙa kuma su za su kwana a ciki idan jama'a suka saba da kyauta, kuma ƙorafin yana da tushe. Da aka fitar da faifan a shaguna bayan kusan wata uku, ya sake hawa na ɗaya a Ingila da Amurka, ya kuma ci Grammy a 2009.

A ganina wannan ne kundinsu mafi kyau, kuma dalilin yana da alaƙa da ɗabi'ar gudun nan tasu. The Bends gudun “Creep” ne, Kid A gudun OK Computer ne. A In Rainbows ba ka jin suna gudun kowa. Waƙa goma ce cikin minti 42 da ɗoriya, babu ta cikon layi. Na'ura tana nan, amma ta zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa, ba a zo nuna ta ba: “15 Step” ta fara da bugun na'ura mai ƙirga biyar-biyar, sai gangar Selway ta shige ciki har ka kasa raba su. A “Weird Fishes/Arpeggi” jita uku suna saƙa layi a kan layi. “Nude” ta yi kusan shekara goma a ajiye, tun zamanin OK Computer, sai da Colin ya samo mata sabon bugun bas ta zauna. Yorke kuma ya bar maganar gwamnati da na'urori ya koma kan so, kishi, sha'awa da mutuwa, ya saki muryar da ya yi shekaru yana ɓoyewa. Wanda ke cewa Radiohead kiɗan sanyi ne marar jini a jika, a kunna masa “Reckoner”.

Me ya sa The King of Limbs bai samu karɓuwa sosai ba?

Gajere ne, waƙa takwas cikin minti 37, kuma ya zo a 2011 bayan kundin da kowa ya so. An gina shi ta hanyar ɗaukar guntayen kiɗan da suka kaɗa, a sa na'ura ta riƙa maimaitawa, a ɗora wani a kan wani, da wata manhaja da Jonny ya rubuta. Rabin farko duk bugu ne, rabi na biyu kuma ya kwanta. Shi ya katse musu jerin kundaye biyar da suka hau na ɗaya a Ingila. Da suka zo kaɗa shi a fili sai da suka ɗauko mai ganga na biyu, Clive Deamer, kuma mutane da yawa, har da ni, sun fi son yadda waƙoƙin suka fito a shirin From the Basement, inda ake ɗaukar mawaƙa suna kaɗawa kai tsaye, fiye da na faifan. Hannun mutum ya ba su numfashin da na'urar ta hana su.

Mai kunnen Najeriya zai ji wani abu da ya sani a nan. Gajeren layin jita mai maimaituwa a “Morning Mr Magpie”, da ganguna masu saɓa wa juna a “Bloom”, suna tuna wa mutum gidan Fela Kuti da mai gangarsa Tony Allen. Ba zato ba ne kawai: Yorke ya faɗa cewa lokacin da suke haɗa kundin Amok na ɗaya ƙungiyar tasa, Atoms for Peace, wanda ya fito a 2013, kiɗan Fela suka riƙa saurare. Bambancin shi ne Fela yana ba bugu minti goma sha biyar ya yi zafi, su kuwa suna kashe shi a minti biyar.

A Moon Shaped Pool ya cancanci zama cikin manya?

Ya cancanta, ko da yake sai mai haƙuri. Ya fito ranar 8 ga Mayun 2016, an ɗauki wani ɓangarensa a situdiyon La Fabrique a kudancin Faransa. A lokacin Jonny ya yi nisa a kiɗan fina-finai tun daga There Will Be Blood na 2007, kuma wannan ƙwarewa ce ta riƙe kundin: makaɗan London Contemporary Orchestra suna ko'ina, a “Burn the Witch” ma dukan tsirkiya suke yi maimakon gogawa. An yi shi cikin baƙin ciki. Yorke ya rabu da abokiyar zamansa ta shekara 23 a 2015, mahaifin Godrich ya rasu ana cikin aikin, kuma ba su manta da ma'aikacinsu da dandali ya ruftawa a Toronto a 2012 ba. An jera waƙoƙin bisa haruffan abacada, wanda ya sa “True Love Waits” ta zo ƙarshe, waƙar da suka fara kaɗawa tun 1995 suka kasa samo mata siffa sai bayan shekara 21. Masu suka suna cewa tsofaffin waƙoƙi sun yi yawa a ciki kuma babu sabuwar hanya. Gaskiya ne babu. Amma shi ne kundinsu da ya fi kowane taushi.

Wanda bai taɓa jin su ba, daga ina zai fara?

Ya danganta da kunnen da ya zo da shi. Mai son waƙar da za a bi da baki ya fara da The Bends ya wuce OK Computer. Wanda ya saba da hip-hop ko kiɗan na'ura zai fi saurin shiga ta Kid A, har ya yi mamakin abin da ya tayar wa mutane hankali a 2000. Wanda bai san inda ya dosa ba ya ɗauki In Rainbows. Kada dai a fara da Pablo Honey don an san “Creep”, kuma a bar The King of Limbs sai an saba.

Nawa jerin: In Rainbows, OK Computer, Kid A, sannan The Bends da A Moon Shaped Pool kafaɗa da kafaɗa, sai Amnesiac, Hail to the Thief, The King of Limbs, Pablo Honey. Ukun farko suna iya musayar wuri, na ƙarshen ne ba ya motsi.

Har yanzu suna tare?

Suna tare, amma tun 2016 ba su fitar da sabon kundi ba. An shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen rok, a 2019. Yorke da Jonny sun kafa wata ƙungiya, The Smile, da mai ganga Tom Skinner, suka fitar da kundi uku tsakanin 2022 da 2024, O'Brien da Selway kuma kowa yana da nasa aikin. A ƙarshen 2025 su biyar ɗin suka koma dandali karo na farko tun 2018, suka yi wasanni a Madrid, Bologna, Landan, Kopenhagen da Berlin, a kan dandali da aka kafa a tsakiyar jama'a, suna sauya jerin waƙoƙin daga dare zuwa dare.